The Exorcist: tambayoyi da amsoshi a kan fim ɗin da ya hana Amurkawa barci a 1973

Yarinya kwance a kan gado an ɗaure mata hannuwa, muryarta ta koma ta ƙaton namiji, malamin addini tsaye a kanta da littafi a hannu yana karatu. Duk mai kallon finafinan ban tsoro ya sha ganin irin wannan hoton, ko a fim ɗin Amurka, ko na Turkiyya, ko na Indonesiya. Yana da tushe, kuma tushen nasa fim ɗaya ne da kamfanin Warner Bros. ya saki ranar 26 ga Disamba, 1973, washegarin Kirsimeti. Ga tambayoyin da aka fi yi mini a kansa.

Mene ne labarin a taƙaice?

Chris MacNeil 'yar fim ce. Aiki ya kawo ta unguwar Georgetown da ke birnin Washington, ta kama hayar gida ita da 'yarta Regan mai shekara 12. Aurenta ya mutu, uban yarinyar yana Turai, ko ranar haihuwar 'yar bai kira ba. Sai aka fara jin motsi a cikin rufi kamar na ɓeraye. Daga nan gadon yarinyar ya soma girgiza, halinta ya canza, bakinta ya cika da ashar ɗin da ba a san inda ta koyo ba. Uwar ba mai addini ba ce, don haka asibiti ta nufa. Aka yi gwaje-gwajen ƙwaƙwalwa ba a ga komai ba, likitocin masu taɓin hankali ma suka gaza. A ƙarshe likitocin ne da bakinsu suka ce ta gwada limaman Katolika. Ba wai sun yarda da aljanu ba ne. Lissafinsu shi ne, idan mara lafiya ta yarda akwai wani abu a jikinta, wataƙila ta yarda an fitar da shi.

Wanda ta samu shi ne Fada Damien Karras, limamin coci kuma likitan ƙwaƙwalwa, mutumin da imaninsa ya riga ya yi rauni, ga mahaifiyarsa ta rasu ita kaɗai a ɗaki a New York ba ya kusa. Coci ta haɗa shi da wani dattijo, Fada Merrin, wanda ya taɓa yin irin wannan aiki a Afirka. Ana cikin karatun zuciyar dattijon ta buga. Karras ya ce wa shaiɗanin ya saki yarinyar ya shige shi, da ya ji ya shige shi kuma sai ya faɗa ta taga, ya gangara doguwar matakalar da ke gefen gidan, ya mutu. Yarinyar ta warke, ba ta tuna komai ba.

Ana cewa labarin gaskiya ne. Haka ne?

Akwai wani abu da ya faru a 1949, amma nisan da ke tsakaninsa da fim ɗin ba kaɗan ba ne.

Wanda abin ya sama yaro ne namiji ɗan shekara 13 zuwa 14, daga jihar Maryland, kusa da Washington. Iyayensa Kiristoci ne mabiya ɗariƙar Luther. Sun ce bayan rasuwar wata gwaggonsa, wadda ta koya masa wasa da allon kiran ruhohi da ake kira Ouija, sai suka fara jin ƙarar karce a bango, kayan ɗaki na motsi, ga zane-zane kamar na yakushi suna fitowa a jikinsa. Fastonsu ya kwana da shi a gidansa, daga baya ya ba su shawarar su nemi 'yan Katolika. Aka kai yaron birnin St. Louis na jihar Missouri, inda Fada William Bowdern na ƙungiyar limaman Katolika ta Jesuit ya jagoranci karatun fitar da shaiɗan na tsawon makonni, har aka kammala a watan Afrilu a asibitin Alexian Brothers. Wani limamin ya riƙa rubuta abin da ke faruwa kullum a cikin littafi, kuma daga wannan rubutun ne yawancin bayanan suka fito. Ranar 20 ga Agusta, 1949, jaridar Washington Post ta buga labarin.

Bowdern ya tafi kabarinsa yana mai imani cewa abin da ya gani na gaske ne. Amma Walter Halloran, matashin da ya riƙa danne yaron lokacin karatun har yaron ya karya masa hanci, ya faɗa daga baya cewa shi bai ji muryar yaron ta canza ba. Wani marubuci mai suna Mark Opsasnick ya bi sawun labarin a ƙarshen shekarun 1990, ya zauna da maƙwabta da abokan yaron na ƙuruciya, ya fito da ra'ayin cewa yaro ne mai damuwa da rigima, labarin kuma an yi ta ƙara masa gishiri. Babu wanda ya mutu a wancan lamarin, babu kan da ya juya baya, babu koren amai. Yaron ya girma, ya yi aiki, ya tsufa cikin rufin asiri, kuma limaman sun ɓoye sunansa har ƙarshe. Wannan riƙon amana yana cikin dalilan da suka sa marubucin littafin da aka gina fim ɗin a kansa ya mayar da shi mace.

Wane ne marubucin, kuma me ya ja shi ga wannan labari?

William Peter Blatty, haifaffen New York a 1928, ɗan wasu 'yan ci-rani daga Labanan. Uban ya bar gida tun yana ƙarami. Uwar, 'yar Katolika ce mai riƙo, ita ta raine shi cikin talauci, ana korarsu daga wannan gidan haya zuwa wancan. Yana ɗalibi a Jami'ar Georgetown labarin yaron ya iso masa, ya zauna masa a rai shekara ashirin. A tsakanin nan ya yi aikin gwamnatin Amurka a Beirut, sannan ya yi suna a Hollywood da rubuta finafinan barkwanci. Mahaifiyarsa ta rasu a 1967, kuma duk wanda ya san wannan zai gane daga inda Karras da tsohuwarsa suka fito.

Littafin ya fito a 1971. Da farko bai yi kasuwa ba, sai da aka gayyaci Blatty wani shirin hira na talabijin na Dick Cavett ya samu lokaci mai tsawo yana bayani. Bayan nan littafin ya yi mako 57 a jerin waɗanda aka fi saye na jaridar New York Times. Blatty ya sha nanata cewa shi ba don ya tsorata mutane ya rubuta ba. Hujjarsa ita ce, idan mutum ya yarda akwai shaiɗan, to ya kama hanyar yarda akwai Allah. Ku tuna a wace Amurka yake magana: a 1966 mujallar Time ta buga bangonta da tambayar ko Allah ya mutu, wa'iyazubillahi, kuma lokacin da fim ɗin ya fito ƙasar na fama da raunin yaƙin Vietnam da badaƙalar Watergate ta shugaba Nixon. Mutane sun daina yarda da shugabanni, matasa sun juya wa iyaye baya. Sai ga fim yana nuna 'yar gida mai ladabi ta koma abin da uwarta ba ta gane ba.

Me ya sa fim ɗin ya fara da kiran salla, kuma me ya kai shi Iraƙi?

Wannan tambayar kusan duk Musulmin da ya kalli fim ɗin sai ya yi ta. Da an gama rubutun farko, abin da kunne ke fara ji shi ne "Allahu Akbar", sai rana ja jawur, sai ma'aikata suna haƙa a cikin kufai. Kimanin minti goma na farko duk a arewacin Iraƙi aka ɗauke su, a tsohon birnin Hatra da kuma Mosul. A lokacin babu hulɗar jakadanci tsakanin Amurka da Iraƙi, shi ya sa darakta ya tafi da ma'aikata 'yan Ingila.

A labarin, Fada Merrin masanin tono kayan tarihi ne. Ya tono wani ɗan ƙaramin kan gunki, ya gane shi, jikinsa ya yi sanyi. Gunkin na Pazuzu ne, wanda mutanen Assuriya da Babila na dā suka ɗauka sarkin aljanun iska ne: fuska kamar ta kare ko zaki, fukafukai huɗu, ƙafafu irin na tsuntsu. Ba ƙirƙirar fim ba ce, akwai mutum-mutuminsa na tagulla a gidan tarihi na Louvre a Paris. Mutanen wancan zamani sukan rataya wa mata masu ciki kansa a wuya don ya kore musu wata aljana mai suna Lamashtu da suke tsoro a kan jarirai. A cikin fim ɗin farko ba a ambaci sunansa ko sau ɗaya ba.

To, shin an jingina shaiɗan da Musulunci ne? A fahimtata a'a. Pazuzu ya girmi zuwan Musulunci da fiye da shekara dubu, kuma Musulmin da aka nuna mutane ne da ke harkarsu: masu salla a sahu, maƙera suna dukan ƙarfe, mai shayi, da jami'in kayan tarihi da ke hira da Merrin da Larabci cikin mutunta juna, yana nuna ba ya son ya tafi. Duk da haka ba na ganin laifin wanda abin ya sosa wa rai. An ɗauki kiran salla, wanda a wurinmu natsuwa ne, an yi amfani da shi don Ba'amurken da bai san shi ba ya ji ya shiga baƙuwar duniya mai ban tsoro. Wannan ɗabi'ar Hollywood ce tun kafin wannan fim, kuma ba ta bar ta ba.

Su wa suka fito a ciki?

Darakta shi ne William Friedkin, wanda bai daɗe da cin lambar Oscar ba da fim ɗin 'yan sanda The French Connection na 1971. Ya fara aiki ne da shirye-shiryen labarin gaskiya na talabijin, kuma Blatty ya nace sai shi saboda yana son fim ɗin ya yi kama da rahoto. Ellen Burstyn ce uwar. Linda Blair, wadda ba ta wuce shekara 13 ba lokacin da aka fara ɗauka, ita ce Regan. Jason Miller, marubucin wasan kwaikwayo da ya ci lambar yabon marubuta ta Pulitzer a 1973, shi ne Karras, kuma wannan ne fim ɗinsa na farko. Max von Sydow ɗan Suwidin shi ne Merrin. Shekarunsa 43 kacal a lokacin, amma gwanin kwalliya Dick Smith ya mayar da shi tsoho tukuf, har mutane da yawa suka ɗauka tsohon gaske ne. Akwai kuma limaman Jesuit na gaske a ciki, kamar William O'Malley da ya fito a matsayin abokin Karras.

Muryar nan mai tayar da tsikar jiki, ta yarinyar ce?

Ba tata ba ce, kuma ba ta namiji ba ce. Muryar wata dattijuwar 'yar wasa ce, Mercedes McCambridge, tsohuwar gwanar wasan kwaikwayon rediyo. Don ta samu wannan kaushin ta riƙa haɗiyar ɗanyen ƙwai, tana zuƙar taba ba ƙaƙƙautawa, tana shan giya alhali ta sha wahala kafin ta rabu da ita, ta kuma sa aka ɗaure ta a kujera don a ji ƙuncin wanda ke ɗaure a cikin muryar. Da fim ɗin ya fito babu sunanta a ciki. Sai da ta kai ƙara ƙungiyar 'yan wasa aka saka.

Sauti ne rabin tsoron fim ɗin. An cakuɗa kukan ƙudan zuma da ihun aladu da haushin karnuka, ƙarar juyawar wuyan yarinyar kuma tsohon walat ne na fata aka murɗa a gaban makirufo. Ɗan kiɗan fiyano da aka san fim ɗin da shi daga faifan Tubular Bells ne na wani matashi ɗan Ingila, Mike Oldfield. Friedkin ya ɗauko shi ne bayan ya yi watsi da kiɗan da Lalo Schifrin ya shirya masa.

Ba kwamfuta a lokacin. Yaya aka yi waɗannan abubuwa?

Da hannu da dabara. Ɗakin yarinyar an gina shi ne a wani situdiyo a New York, aka kafa masa manyan na'urorin sanyi har ya sauka ƙasa da sifili, saboda Friedkin yana son a ga tururin numfashi na gaske. Ma'aikata na cikin rigunan sanyi, Linda Blair kuwa rigar barci ce kawai a jikinta. Kan da ke juyawa 'yar tsana ce mai girman mutum da aka ƙera da kamanninta. Aman miyar koren wake ne da ake turowa ta wani ɓoyayyen bututu. Tashi sama da ta yi da siraran wayoyi ne. Faɗowar Karras kuwa mutum ne ya gangara matakalar da gaske, bayan an shimfiɗa mata roba.

Akwai ɓangaren da ba na iya yabawa. Friedkin yakan harba bindiga a bayan 'yan wasa don ya samu firgita ta gaske. Ya shararawa Fada O'Malley mari kafin ɗaukar fitowar ƙarshe, shi ya sa hannunsa ke rawa a wurin. A fitowar da yarinyar ta make uwarta, an fizgi Ellen Burstyn da igiya da ƙarfin da ya wuce kima, ta bugu a ƙasa ta ji ciwo a gadon baya, ciwon da ya bi ta shekaru. Ihun da ake ji a fim ɗin na zafin gaske ne, kuma aka bar shi a ciki. Linda Blair ma ta ji rauni a baya a kan gadon da ke jijjiga ta. Kyan fim bai wanke wannan ba. Aikin da aka tsara gamawa cikin kwana ɗari da 'yan kai ya haura ɗari biyu, kuɗinsa ya kai wajen dala miliyan 12.

Gaskiya ne fim ɗin yana da la'ana?

Ga abin da ya tabbata. Gobara ta cinye ginin cikin gidan da aka yi a situdiyo, ɗakin yarinyar ya tsira, aiki ya tsaya kusan mako shida. 'Yan wasa biyu da suka mutu a cikin labarin sun mutu da gaske kafin fim ɗin ya fito: Jack MacGowran, wanda mura mai tsanani ta yi ajalinsa a Janairun 1973, da Vasiliki Maliaros, tsohuwar da ta fito a uwar Karras, wadda shekarunta sun kusa casa'in. Friedkin ya nemi Fada Thomas Bermingham ya yi wa wurin karatun korar shaiɗan, limamin ya ƙi, ya yi addu'ar albarka kawai.

Aikin da ya tara ɗaruruwan mutane sama da shekara, ba abin mamaki ba ne a yi rashi a cikinsa. Masu tallar fim ɗin kuma ba su yi ƙoƙarin kashe jita-jitar ba, tunda tana sayar musu da tikiti. Linda Blair na nan da ranta, von Sydow ya kai shekara 90, Blatty ya rasu a 2017, Friedkin a 2023, dukansu da tsufansu.

Da gaske mutane sun riƙa suma a gidajen sinima?

Sun yi. An fara nuna shi a gidaje kaɗan, sai ga layi ya zagaye unguwa cikin tsananin hunturu, mutane na tsayuwar sa'o'i. Jaridu da talabijin sun nuna masu fitowa da gudu, masu amai, da waɗanda aka kwantar a baranda. A 1975 wani likitan ƙwaƙwalwa, James Bozzuto, ya wallafa bayanin mutum huɗu da suka kamu da matsananciyar damuwa bayan sun kalle shi.

Abin lura shi ne, wurin da ya fi kayar da mutane da yawa babu aljani a cikinsa. Fitowar asibiti ce, inda aka kwantar da yarinyar aka soka mata allura a jijiyar wuya, jini ya yi tsartuwa, sannan na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ta kama ƙara kamar ana buga guduma, uwar na kallo ta bayan gilashi. A asibitin gaske aka ɗauka, da ma'aikatan gaske. Duk wanda ya taɓa riƙe ɗansa ana neman jijiya ya san me ya sa wurin ke da nauyi.

Cocin Katolika ta goyi baya ko ta yi adawa?

Ba ta yi magana da murya ɗaya ba. Ofishinta mai tace finafinai a Amurka bai haramta shi ba, ya ce na manya ne tare da taka-tsantsan. 'Yan Jesuit na Georgetown sun ba da wurarensu aka yi ɗauka. Wasu malaman Kirista kuwa, musamman na ɓangaren Furotesta, sun yi tir da shi. A Birtaniya an nuna shi a sinima a 1974 duk da wasu garuruwa sun hana, amma daga 1988 aka janye kaset ɗinsa daga kasuwa, bai dawo ba sai 1999.

Ya samu kuɗi da lambobin yabo?

Ƙwarai. Idan aka haɗa da sake fitar da shi da aka yi daga baya, ya tara sama da dala miliyan 400 a duniya. Ya shiga takarar Oscar a rukuni goma, ya ci biyu, na rubutu da na sauti, kuma shi ne fim ɗin ban tsoro na farko da ya shiga takarar gwarzon fim na shekara. A 2010 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin finafinan da ake adanawa don tarihi.

Wane tasiri ya yi a kan finafinan da suka biyo baya?

Kafin shi, dodon fim yana zaune ne a tsohon gidan sarauta a Turai ko a maƙabarta, kuma ƙananan kamfanoni ne ke yin irin waɗannan finafinai da kuɗi kaɗan. Rosemary's Baby na 1968 ya fara shigo da tsoron cikin gari, The Exorcist kuma ya kai shi har ɗakin barcin yara, da rana tsaka, a gida mai wutar lantarki da tarho. Manyan kamfanoni suka ga akwai kuɗi a harkar, sai ga The Omen a 1976, aka ci gaba har zuwa jerin The Conjuring na zamaninmu.

Masu kwaikwayo ba su jira ba. A 1974 kaɗai Italiyawa sun yi nasu, Turkawa sun yi Şeytan, wanda darakta Metin Erksan ya bi asalin kusan fitowa bayan fitowa, ya sa karatun Alƙur'ani a gurbin addu'o'in coci. A Amurka kuma, ganin yadda baƙaƙen fata suka yi cincirindo wajen kallon na asalin, aka yi Abby, inda wani malamin coci ya tono wani abu a kogo a Najeriya ya saki Eshu, wani abin bautar gargajiyar Yarabawa, ya je ya shige surukarsa. Warner Bros. ta kai ƙara, aka janye shi daga sinima. Shi ma wannan fim ɗin ya maimaita tsohon kuskuren nan na mayar da Eshu Shaiɗan, alhali a addinin gargajiyar Yarabawa ba haka yake ba.

Tasirin ya fita daga sinima. A shekarun 1960 aikin fitar da shaiɗan ya kusa zama tarihi a cocin Amurka, bayan fim ɗin kuwa masu neman a yi musu suka ƙaru. Fada Gabriele Amorth, sanannen mai wannan aiki a birnin Rum, ya ce shi ne fim ɗin da ya fi so, kuma Friedkin ya je ya ɗauki ɗaya daga cikin zamansa ya fitar a 2017.

Abin da limaman ke yi a fim ɗin, shi ne ruƙiyya?

Akwai kama a zahiri: karatu a kan mara lafiya, ruwan da aka yi wa addu'a, umartar abin da ke jiki ya fita da sunan Allah. Amma aƙidar ta bambanta. A wurin Kirista shaiɗanu mala'iku ne da suka yi tawaye. A Musulunci mala'iku ba sa saɓo, aljanu halitta ce daban da aka yi daga wuta, akwai muminai a cikinsu akwai kafirai, Iblis kuma daga cikinsu yake. Ruƙiyya da Fatiha da Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi ba ta buƙatar izinin wata hukuma, mutum na iya yi wa kansa da iyalinsa. A Katolika kuwa limami ba ya yin babban karatun sai da izinin bishop. Littafin da ake bi a zamanin fim ɗin tun 1614 yake, sai a 1999 Fadar Vatican ta sabunta shi, ta ƙara jaddada a tabbatar ba ciwo ba ne kafin a fara. Bori kuma wata hanya ce daban, domin a can ba korar iskoki ake yi ba, girka ake yi a zauna da su.

Wannan sharaɗin na fara duba ciwo ya kamata mu riƙe shi da kyau. Na san wata yarinya a unguwarmu da aka yi shekara biyu ana yawo da ita daga wannan mai magani zuwa wancan, ana turara mata hayaƙi, wani har da bulala, ana cewa ba ita ake duka ba. Tabon yana nan a bayanta. Da wani kawunta ya matsa aka kai ta asibiti, farfaɗiya ce, ƙwaya ɗaya safe da dare ta tsayar da faɗuwar. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne, kuma babu inda aka ce a daki mara lafiya.

Wanda ya saba da finafinan yanzu zai ji tsoronsa kuwa?

Idan abin da yake nema shi ne a riƙa zabura shi kowane minti biyar, zai ga fim ɗin yana da sanyin tafiya. Tsawonsa sa'a biyu ne, karatun fitar da shaiɗan bai fi minti ashirin na ƙarshe ba. Koren aman da kan da ke juyawa ma an kwaikwaye su har sun rage kaifi.

Ƙarfinsa a wani wuri yake. Na fara kallonsa a kaset, a ɗakin yayan wani abokina, mu shida a kan tabarma. Abin da ya bi ni gida a daren ba fuskar yarinyar ba ce. Wurin da Karras ya je gaida tsohuwarsa ne a wani ƙuntataccen ɗaki mai duhu, rediyo na magana da Girkanci, ya durƙusa yana naɗe mata ƙafa da bandeji, yana lallashinta ta bar gidan tana ƙi. Da barci ya ɗauke ta a kujera ya ajiye mata 'yan kuɗi, ya kashe fitila, ya fita. Ya yi karatun likita, da ya so da ya yi arziki ya kula da ita, amma ya zaɓi aikin coci. Daga baya, a ɗakin yarinyar, shaiɗanin bai zo masa da ƙaho ko wuta ba. Muryar tsohuwar ya ara, yana tambayarsa don me ya yi mata haka. Duk wanda ya bar iyaye a gida ya tafi neman abinci a wani gari ya san inda wannan kibiyar ke sauka.

Kuma fim ɗin ba ya gaggawar ba ka tabbaci. Karras ya yayyafa wa yarinyar ruwan famfo ya ce mai tsarki ne, ta yi ta ihu kamar an zuba mata wuta. To ƙarya take yi, ko abin da ke jikinta ne ke wasa da hankalinsa don kada a ba shi izini? Mai kallo na cikin wannan ruɗanin tare da shi har kusan ƙarshe.

Za a iya kallonsa da iyali?

A'a. Akwai ashar mai muni daga bakin yarinya, akwai fitowar da aka wulaƙanta alamar addinin Kirista ta hanyar da ko wanda ba Kirista ba zai kawar da kai. Ba na yara ba ne ko kusa, kuma babba mai yawan waswasi ko firgita cikin barci gara ya haƙura.

Akwai iri biyu da kuma ci gaba. Wanne za a nema?

Na 1973 shi ne zaɓina. A 2000 an sake fitar da shi da ƙarin kusan minti goma, ciki har da inda yarinyar ke saukowa daga bene a rigingine kamar gizo-gizo, da wata gajeriyar hira tsakanin limaman biyu a kan matakala, wadda Blatty ya yi shekaru yana jin haushin cire ta. Na biyun da aka yi a 1977 bai yi armashi ba. Na ukun na 1990, wanda Blatty ya ba da umarni da kansa, ya cancanci kallo. Kamfanin Universal ya zuba kimanin dala miliyan 400 don sayen damar yin sababbi, na farkonsu ya fito a 2023 bai gamsar da masu kallo ba.

Wuraren da aka yi ɗaukar suna nan?

Hatra na nan, tana cikin wuraren tarihi na UNESCO tun 1985, sai dai 'yan ISIS sun farfasa wasu sassanta a 2015 kafin a ƙwato ta. Gidan Georgetown yana kan titin Prospect, amma tagar da Karras ya faɗo ta cikinta babu ita, domin ɓangaren ƙarya aka ƙara wa ginin don ya kai bakin matakalar, aka cire bayan an gama. Matakalar kuwa tana nan da tsaninta 75, tsukakkiya tsakanin bango biyu, tana sauka zuwa titin M. A 2015 magajiyar garin Washington ta kafa mata allon tunawa, Blatty da Friedkin na tsaye a wurin. Da safe ɗaliban jami'ar ne ke hawa da sauka a kanta suna motsa jiki.